Sandar da Ba Wanda Ya Karɓa

Komai zan iya mantawa a rayuwata, ban da ranar da na ci tsere na tsaya da sanda a hannu, na rasa mai karɓa.

Tun ina ƙarama nake da farfaɗiya, amma ƙafafuna ba ruwansu. A sakandarenmu a Kafanchan ina cikin 'yan mata huɗu masu gudun miƙa sanda, ni ce ta biyu. Wata rana muna atisaye ciwon ya kayar da ni. Da na farfaɗo, bakina duk ƙasa, na ga an kewaye ni daga nesa. A wajenmu an yarda cewa yawu ko gumin mai farfaɗiya yana sa wa mutum ciwon. Ƙarya ce tsagwaronta, amma wa zai tsaya ya gwada?

Washegari wadda nake miƙa wa sanda ta ce wa malamin wasanni, a gabana, "Koci, ni ba zan karɓa daga hannunta ba. Mamana ya ce abin yana kama mutum." Sauran suka sunkuyar da kai. Ƙawayena ne fa, a kwano ɗaya muke shan gwaten acca.

Malamin ya ja ni gefe. "Ba zan iya tilasta musu ba. Wuri ɗaya ya rage miki, na ƙarshe, don ta ƙarshe ba ta miƙa wa kowa. Amma sai kin fi kowa gudu. In ba haka ba, kin fita."

Na yi kuka har na gaji. Daga nan kullum da sassafe ina gefen layin dogo ina gudu, mahaifiyata na biye da ni da gorar ruwa da ƙwayar magani. Maganin yana kashe jiki kamar an ɗora mini buhun citta. Akwai ranar da ciwon ya buga ni a kan duwatsun layin, tabon yana haɓata har yau. Mama ta goge jinin ta ce, "Tashi, 'yata. Ubangiji bai gama da ke ba."

Ranar gasar makarantu, ni aka ba wurin ƙarshen, sanda ta iso hannuna muna na uku. Ban san yadda na wuce biyun da ke gabana ba, ihu kawai na ji. Ƙawayena suka rugo da hannuwa a buɗe, zuciyata ta ce yau an gama ƙyamata. Suna dab da ni sai suka ja birki, suka tsaya suna tafi. Na miƙa sandar. Kowacce ta kalli 'yar'uwarta. Koci ma cewa ya yi, "Riƙe, taki ce." Mama ce ta ratso taron ta share mini gumi da tafin hannunta.

Na ci gaba da gudu shekaru, na ci kofuna, kullum ni ce ta ƙarshe. Abin da na koya shi ne, magani da naci sun iya da ciwon jikina, amma tsoron da ke zukatan mutane gudu ba ya kamo shi. Sandar tana cikin akwatina har yanzu.