Bu Warsini, Wadda Ta Sa Muka Rubuta Sunanmu a Sama

Kafin mai gadi ya gama sharar ƙofar ofis, Bu Warsini, wato Malama Warsini a harshenmu, ta riga ta jingine babur ɗinta a gindin mangwaro. Takan ajiye ƙunshin shinkafarta na ganyen ayaba a gefe, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta dubi na farko a layi ta ce, "Matso mu ga ɓarnar da ka yi." Sama da shekara talatin ke nan tana haka a garin nan namu na masu gishiri, a gaɓar arewacin tsibirin Jawa. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ba mai sa hotonta a jarida, mu kuwa da muka bi ta teburinta ba za mu jira sai ta mutu mu yabe ta ba.

Aikinta duba takardun masu neman tallafin ƙirƙira kafin a tura su birni. Ba ita ke bayarwa ba, ba ita ke hanawa ba, amma ita ke shan zagin. Ta ga mai suna ɗaya tal a katin shaida, ya tarar da gurbi biyu a takarda, ya ƙago wa kansa na biyu. Ta ga mai sa hannu a gefen kan sarki, alhali dole rabin sa hannun ya hau kan sarkin, rabi ya sauka a takarda. Ta ga wasiƙar dagaci ta bara an lallaɓo da ita bana. Duka takan mayar da su su gyara, har samari suka laƙaba mata Sai-ka-dawo. Wani ya taɓa watsa mata takardunsa a fuska. Ta tsince su, ta jera, ta nuna masa shafin da ya tsallake. Da aka koma cikewa ta kwamfuta, an zaci zamaninta ya wuce. Ta koya da yatsa ɗaya, ana yi mata dariya.

Amma abin da ba za mu manta ba shi ne na Kinasih.

Kinasih ta gama karatun injiniya, ta dawo gida ta ƙera rumfar leda mai busar da gishiri ko da damina. Da ta zo neman tallafin matasa, sai ta sa sunan kawunta, Pak Tarman, wato Malam Tarman, a gurbin jagoran aiki, nata a ƙasa. Haka muka taso: ƙarami ba ya ɗora sunansa a kan na babba, balle wanda ya riƙe shi tun rasuwar uba. Shi kuwa tsohon har ya baza a masallaci cewa aikinsa za a kai birni.

Bu Warsini ta karanta, ta ɗago. "Wa ya ƙera rumfar?"

"Ni ce, Bu."

"To wannan saurayin ɗan shekara sittin fa? Suna ganin shekarunsa za su ture takardar, ko hoton rumfar ba za su kalla ba."

"Bu, da wane baki zan ce wa Kawu na cire shi? Gara in rasa."

"Wa ya ce ke za ki faɗa? Je ki sayo sukari da ganyen shayi."

Saura 'yan kwanaki a rufe karɓa. Ranar Asabar, ranar hutunta, Bu Warsini ta goya Kinasih a babur har gidan tsohon, ta miƙa sukari da shayin kamar yadda baƙo mai ladabi ke yi. Kinasih ta shige ciki. Aka yi hirar ruwan bana, aka yi ta ciwon gwiwa, aka yi ta jikoki. Sai da shayi ya huce ta ce, "Pak, shawara na zo nema. Akwai wata yarinya, ladabi zai kashe mata aiki." Ta warware masa komai ba tare da ta kama suna ba.

Bu Warsini har ta fara tunanin ta ɓata tsakanin 'ya da uba. Can Pak Tarman ya yi gyaran murya.

"Bu, ke dai ba ki iya ƙarya ba. Kinasih! Fito daga bayan labulen nan, ina ganin ƙafafunki." Ta fito ta durƙusa. "Ni da waya ma sai an danna mini, ni ne shugaban injiniyoyi? So kike a kira ni birni a yi mini tambaya in tsaya kamar turmi? Cire sunana. Amma ranar ɗaukar hoto ni ne a tsakiya."

Kinasih ta kama hannunsa ta kai goshinta, hawaye na zuba. Takarda ta wuce. Daminar bana, ana sheƙa ruwa ana kwasar gishiri a gonarsa, kuma shi ke gaya wa masu wucewa, "Aikin 'yata ne."

Bu Warsini, ke ce kika gane cewa wani kuskuren ba a gyara shi a kan tebur, sai an je gida an zauna a tabarma. Ke ce kika samar wa yarinya haƙƙinta ba tare da kin zubar da girman tsoho ba. Bayan Kinasih, mu da yawa muka rubuta sunanmu a sama, kanmu a ɗage, iyayenmu kuma ba su juya mana baya ba. Mun gode, uwar masu nema. Allah Ya hutar da ke cikin lafiya.

Kai kuma da za ka gaji kujerarta, in yarinya ta kawo maka aiki da sunan wani a samansa, kada ka karɓa ka yi shiru. Tambaye ta wa ya yi. In ta sunkuyar da kai, rufe ofis ka raka ta gida.