Kwikwiyar da Na Mayar Ruga

Ni ne na yi kuskure, kuma tun ranar da na yi shi na san kuskure ne. Ba mantuwa ba ce. Wani dattijo ya ba ni amana, na ɗauke ta na tsallaka iyaka da ita ko sallama ban yi mashi ba.

Sana'ata gyaran injin ban ruwa. A Kusada aka haife ni, a Kankiya na koyi aikin, kuma da rani nakan bi fadamu a kan babur ina duba injinan masu lambu. A wannan yawon na san wani tsohon Bafulatani da rugarshi ke bayan Tafashiya. Baffa nake ce mashi. In rana ta take sai in ratse wurinshi in sha fura, in huta ƙarƙashin wata tsamiya.

Karnukanshi ne suka fara ɗaukar mani hankali. Ba irin na cikin gari ba ne. Jajaye ne, sirara, masu dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji, cikinsu a ɗame kamar ba a ba su abinci. Ba su cika haushi ba. In suka yi, to akwai dalili, kuma duk rugar sai an tashi. Na taɓa ganin uwarsu ta bi zomo a fili, ban gama miƙewa ba ta dawo da shi a baki ta ajiye gaban tsohon.

Rannan na ce, "Baffa, nawa za ka sayar mani da ɗaya?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Kai Kaɗo, komai a wurinku sai kasuwa. In aka bar ku ko gaisuwa da tiya za ku riƙa aunawa."

"To ai ba kyauta na ce ba."

"Shi ne laifin. Wannan iri ba a sayar da shi. Ubana bai saya ba, kakana bai saya ba. Ba ka ake yi, in an ga za ka iya."

Sai da rani ya zagayo, ina zuwa ina komawa, ban ƙara tada maganar ba. Wata rana ya shiga bayan garke ya fito da 'yar kwikwiya, ya ɗaura mata wata igiyar fata a wuya, wadda ya kitsa da hannunshi. Ya ce kowace ruga da irin kitsonta, kuma ba a ɗaura wa kare sai ranar da za a ba da shi.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji shi. "Ranar da ta haihu, macen farko tawa ce. Ba ƙyashi nake ba. Haka iri yake fita ya dawo gida. In tawa ta mutu, taka ce za ta tashe ni."

Na ce na ji, na yarda. Na ma haɗa da rantsuwar da bai nema ba.

Matata da farko ba ta so ba. Ta ware mata kwano, ta ce ko bakin ɗaki ta taka sai an wanke. Amma kafin karyar ta girma, ita ke ajiye mata ƙanzon tuwo, ita ke mani faɗa in na manta ban zuba mata ruwa ba. Da lokacinta ya yi na kai ta ruga, namijin Baffa ya hau ta, ta ɗauki ciki.

A tsakanin nan ne yayan matata, wanda ke zaune a Maraɗi, ya aiko cewa masu lambun bakin gulbi na neman bakanike, kuma ya samo mani rumfa da ɗaki. Aiki ya yi ƙaranci a gida, sai na amsa. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne wata magana da na ji a tasha, wai a birni masu hali na neman irin wannan kare ido rufe. Tun daga ranar na daina ganin cikin karyata a matsayin alkawari.

Ana gobe za mu tashi matata ta ce, "Malam, ba za ka je ka yi wa Baffa sallama ba?"

Na ce hanya ba kyau.

"Jiya da ka je gyara can kusa da shi hanyar ba ta da kyau?"

Na yi mata tsawa. Na san in na je zai ce in bar karyar ta haihu a ruga, in dawo in ɗauka. Kuma na san gaskiyarshi ce.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A tashar Kankiya ɗan kamasho ya ce ko kujera nawa zan saya ba za a sa kare cikin mutane ba. Wani fasinja ya tattare rigarshi ya ce shi da alwalarshi ya fito. Dole matata da yara suka shiga mota, ni kuma na roƙi direban wata babbar motar hatsi ya bar ni a baya. Haka na bi ta Katsina da Jibiya a kan buhuna, karyar kwance a cinyata tana haki, ina jiƙa mata kai da ruwan gora.

Ba mu daɗe da sauka ba ta haihu. Mazan na sayar da su tun ba su gama buɗe ido sosai ba. Ɗaya na ji labarin an ɗaure shi da sarƙa a ƙofar wani shago, rana ta ƙare a kanshi. Mace ɗaya ce tak a cikinsu, mai farin tabo a ƙirji kamar kakarta, uwar karnukan Baffa. Ita na riƙe, ba don Baffa ba, don ta girma ta haifa mani na sayarwa.

Wata Juma'a da la'asar na fita da uwar da 'yar zuwa busasshen gulbi don su miƙe ƙafa. Daga nesa na hango mutane zaune a kan tabarma, ga karnuka na tsere a kan yashi. Na tsaya ina kallo. Duk irin tawa ne, jajaye da masu ruwan ƙasa, dogaye, kamar an kwaso rugar Baffa an zube a nan. Ashe masu irin wannan kare ne ke haɗuwa duk mako, Buzaye da Fulani da wasu Hausawan garin, su saki karnuka su yi gudu, su kuma su sha shayi.

Wani Buzu mai furfura, wanda daga baya na san gadi yake yi a wani sito, shi ke riƙe da butar shayin. Ya yafito ni.

"Ɗan Najeriya, zo ka zauna. Tsayuwa ba ta ƙara wa kare gudu."

"Ya aka yi ka san daga can nake?"

"Hularka ta riga ka gaisuwa."

Aka yi dariya, aka matsa mani wuri. Ban taɓa jin daɗin zama a ƙasar nan kamar ranar ba. Wani ya nuna mani yadda ake duba tafin ƙafar kare saboda ƙaya, wani ya ce in riƙa dama mata gero da nono in tana shayarwa. Na lura da wani abu kuma. Duk wanda aka yaba karenshi, ba ya cewa na gode. Sai ya ce wane ne ya ba ni, shi kuma wane ya ba shi, a ruga kaza.

Buzun ya kira karyata, ta je. Ya shafa bayanta, ya sa yatsa ƙarƙashin igiyar wuyanta yana juyawa.

"Wa ya ba ka?"

Na ce, "Saye na yi. A kasuwar Kankiya."

Bai ɗago kai ba. "Wanda ya zauna ya yi wannan kitso bai kai ta kasuwa ba." Sannan ya dubi 'yar kwikwiyar da ke wasa da jelar uwarta. "Wannan ce ta farko?"

Na ce ita ce.

"To me take yi a nan?"

Ba wanda ya zage ni. Aka ci gaba da hira, aka ma miƙo mani shayi. Amma daga ranar, in na zo za a amsa sallamata, a yi wasa da karnukana, ni kuma a bar ni da kofina. Na yi fushi. Na ce wa matata mutanen nan girman kai ne da su. Ta ce, "Su ma sun ce hanya ba kyau?"

Na ci gaba da taurin kai har damina ta faɗi. Sai yayana ya kira ni daga Kusada. Bayan gaisuwa ya ce ya haɗu da Baffa ranar kasuwa. Maciji ya sari uwar karnukanshi ta mutu, saura tsohon namijin kawai, wanda ko ji ba ya yi sosai. An shiga garke an kore mashi maruƙa ba wanda ya farka. Yanzu tsohon da kanshi yake kwana a waje cikin sauro da ruwan sama.

Na ce, "Ya yi maganata?"

"Bai ambace ka ba. Cewa ya yi, in na samu mai zuwa can, a tambaya mashi ko karyar ta sauka lafiya."

Na ajiye wayar na zauna a kan wani mataccen inji. Kwikwiyar ta zo ta ɗora haɓarta a gwiwata. Ta riga ta yi tsawo, ta san muryata, yarana sun saba kwana suna jin motsinta a tsakar gida. In ban da uwarta, a duk faɗin duniya ita kaɗai ce macen da za ta iya tada irin Baffa. Na ce wa kaina ko a kafaɗa ne sai na kai ta.

Washegari na je sito na sami Buzun. Na gaya mashi komai, har da mazan da na sayar. Ya hura gawayin shayinshi.

"Waɗanda ka sayar sun tafi," in ji shi. "Wannan ba ta tafi ba. Ka yi mata allura?"

"Wace allura?"

"Wai kai da kare ka tsallako ko da buhun gero? Wancan karon sa'a ka ci."

Shi ya raka ni wurin likitan dabbobi aka yi mata rigakafin haukan kare, aka ba ni shaida saboda masu tsaron iyaka. Shi ya nemo mani direban da ke kai albasa Katsina, ya ce mashi, "Wannan ɓarawo ne ya tuba, ka ɗauke shi a baya." Ban ji haushi ba. Da zan hau ya miƙo mani ƙullin ganyen shayi ya ce in kai wa mai kitso.

Na bar uwar a hannun matata, tana ta kuka tana jan igiya. Kwikwiyar ba ta taɓa shiga mota ba, ta yi ta amai a kan buhunan mutane, ina gogewa da rigata. A iyaka wani jami'i ya juya shaidar gaba da baya ya ce, "Mutane na fita da shanu, kai kana shigo da kare?" Na ce bashi zan biya. Ya ce Allah ya kyauta, ya ɗaga mana hannu.

Daga Katsina wata motar kaya ta sauke mu a Kankiya, 'yan acaɓa suka yi mani caa. Ɗaya ya ce in dai ba za ta biya kuɗin kujerarta ta kuma riƙe shi a ƙugu ba, ba zai ɗauka ba. Wani da na taɓa gyara wa babanshi inji ya tausaya, ya kai mu har inda rafi ya yanke hanya, ya ce daga nan sai ƙafa. Ruwan ya kai mani ƙugu. Na saɓa ta a wuya kamar ɗan rago na ratsa, tana karkarwa, farcenta na kartar mani ƙirji. Da muka haye na sauke ta, muka bi ta cikin gero da dawa. Sau da yawa na so in tsaya in shirya abin da zan faɗa, sai in ga in na tsaya zan iya juyawa, sai in ƙara sauri.

Tsohon namijin ne ya fara ganinmu. Ya taso da ƙyar, ya shinshine ta tun daga hanci har jela, sannan ya koma ya kwanta, ita kuma ta bi shi ta kwanta gefenshi.

Baffa na ƙarƙashin tsamiya yana tufkar igiya. Ya rame. Na yi sallama, ya amsa, amma ba ni yake kallo ba. Farin tabon ƙirjinta yake kallo.

"Kaɗo," in ji shi, "an tashi kasuwar ne?"

Na cire takalmana, na ajiye ƙullin shayin a gabanshi, na durƙusa a cikin laka.

"Baffa, ta sauka lafiya tun da rani, kuma na san da sharaɗinka na tafi. Ba hanya ce ta hana ni zuwa ba, kwaɗayi ne. Mazan na sayar da su, ba zan iya dawo maka da su ba, maruƙanka ma haka. Da aka tambaye ni wa ya ba ni, na ce saye na yi, na ɓoye sunanka. Ga taka nan na kawo. In ka ce in kawo uwar ma, zan koma in ɗauko ta. Na ci amanarka, Baffa. Don Allah ka yafe mani."