Kafaɗar Isyaku Mai Fenti

Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyadi-Gyadi kafin a fara buga allunan shaguna da inji, ya karanta hannun Isyaku Mai Fenti ko bai sani ba. Allon mai aski nasa ne, na kemis nasa ne, na mai gyaran rediyo ma haka. Daga wani ƙauye a ƙasar Dawakin Kudu ya shigo birni yana saurayi, ya fara da fentin gidaje, daga baya ya gano hannunsa na jan layi ba sai da rula ba. Bai yi boko ba. Turancin da yake rubutawa a takarda ake kawo masa, ya kwafa harafi bayan harafi, amma ba a taɓa dawo masa da allo don kuskure ba. In ka zauna da shi minti biyar sai ka ji wannan labarin, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Cikin 'ya'yansa shida, Nafisa ce kaɗai ta ɗauko hannunsa. Tun tana ƙarama take zama bakin rumfarsa tana zane a ƙasa da tsinke, kuma ta sha gaya wa ƙawayenta cewa babanta ya fi kowa iya zane a Kano. Isyaku bai taɓa musa mata ba. Gaskiyar magana, wannan yabon ya fi masa na duk alhazan da yake yi wa aiki.

A shekarar da sojoji za su miƙa mulki, 1999, aiki ya yi masa yawa, kowane ɗan takara na son sunansa a ƙyalle da manyan baƙaƙe. A shekarar ce kuma aka kawo sabuwar malama firamarensu Nafisa a Tarauni, Madam Obiechina, 'yar ƙabilar Ibo, haihuwar Kano, Hausa a bakinta tsaf. Aka ba ta 'yan aji biyar da shida ta koya musu zane da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Kafin zuwanta, darasin aikin hannu ne kawai, yara su sayo tsintsiya a kasuwa su kawo a matsayin sun haɗa, a ba su maki.

Ba a yi wata biyu ba gidan Isyaku ya cika da "Madam ta ce".

"Baba, Madam ta ce a daɗe ana kallon abu kafin a zana shi."

"Baba, Madam ta ce inuwa ba baƙa ba ce."

"Ita Madam ɗin," in ji Isyaku wata rana, "allo nawa ta rubuta a garin nan?"

Matarsa Uwani ta kwashe da dariya. "Malam, wai kishi kake yi da malamar makaranta?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe."

Kishi ne kuwa, mai zafi. Har makarantar ya je da sunan wucewa yake yi, ya leƙa ta taga. Buta guda Madam ta ajiye a kan tebur, yara sittin suna zana ta, babu biyu da suka yi kama, ita kuwa tana zagayawa tana yabon kowa. Ya dawo rumfa yana huci. Shi a saninsa layi ko dai ya miƙe ko ya karkace, kuma ga wata can tana koya wa 'yarsa cewa karkatacce ma abin a tafa ne.

Makarantar ta shirya bikin Ranar Yara, kwana biyu kafin a rantsar da farar hula, aka ce za a liƙa zanen yara a bango baƙi su gani. Nafisa ta kama nata a farin kwali, ta ɓoye, ko shawararsa ba ta nema ba. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Ana gobe biki, ta tafi Islamiyya bayan la'asar, ya laluba bayan akwatin uwarta ya zaro kwalin. Mutum ne a kan tsani, an zano shi ta baya. Kafaɗar dama ta hau har kusa da kunne, ta hagu ta zube, wuya ya karkata. Kowane yaro a Gyadi-Gyadi zai gane wannan kafaɗar daga nesa, domin shekara ashirin da biyar na miƙa burushi sama ne suka mayar da ita haka. Amma mutum ba ya ganin bayansa. Abin da Isyaku ya gani kawai shi ne kuskuren da Madam ta bari. Ya goge, ya daidaita kafaɗu, ya miƙar da wuya, ya mayar da kwalin inda yake yana jin daɗin kansa.

Da safe Nafisa ta zaro kwalin, ta daɗe tana kallonsa, ta naɗe ta fita.

Isyaku ya sa babbar rigarsa ta salla ya bi bayanta. Aka yi kiɗa, 'yan mata suka yi rawa, 'yan aji shida suka yi wasan wani soja da ya manta yadda ake sa hular gida, mutane suka yi ta dariya. Shi dai idonsa na kan bango, inda jama'a suka fi taruwa gaban zanen Nafisa.

Madam Obiechina ta zo ta gaishe shi da ladabi, sannan ta rage murya. "Baban Nafisa, mako uku ta yi tana tsayawa a bayanka in kana aiki. Sau huɗu tana goge kafaɗar nan kafin ta same ta. Ta ce so take ka gane kanka da ka gani."

Isyaku ya kai hannu ya dafa kafaɗarsa ta dama. A sama ya same ta.

Daidai lokacin wani babban baƙo daga ƙaramar hukuma ya tsaya gaban zanen, ya yaba tsaftar layukan, ya sa aka kira mai shi.

"Yarinya, kin yi ƙoƙari. Wane ne wannan kika zana?"

Isyaku na tsaye taku biyu daga gare ta. Nafisa ba ta waiwaye shi ba. Ta dubi miƙaƙƙen mutumin da ke kan tsani.

"Ban san shi ba, Yallaɓai," in ji ta.