Gwaggo Ta Ce Taubasai Ne

Ranar kasuwar Gazawa ce, cikin kakar shekarar da muka samu mulkin kai, na shigo gida da littafi ƙunshe cikin zanena kamar wadda ta sato kaza. Matar malamin lakol, wato makarantar boko, ita ce ta ara mani shi. An yi wa mijinta canji zuwa Gidan Rumji, ta ce in karanta kafin kasuwa ta zagayo, don ranar ce kamyo, babbar motar kaya, zai zo ya kwashe su. Shekara uku kawai na yi a lakol aka cire ni, sauran Faransancin da kaina na tsinto shi a jikin gwangwani da tsofaffin takardu. Littafin ba bango, ba suna, ɓera ma ya ɗanɗana gefensa, amma ni wallahi ji nake an ba ni saniya da ɗanta.

Labarin wata yarinya ce mai saida burodi, bakinta kamar barkono, da wani saurayin likita mai girman kai wanda ko gaisuwa ba ya amsawa. Ranar da suka fara haɗuwa ya watsa mata taɓo da kekensa, ita kuma ta jefe shi da burodi a ƙeya. Tun daga nan duk inda ɗaya ya nufa sai ya ci karo da ɗayan. Kai, jama'a! Ban taɓa sanin takarda na sa mutum dariya har ya shaƙe ba.

Sai dai lokacin ɓarar gujiya ne. Ga ta nan tuli a tsakar gida, kaji na tonon ɓawo, awaki na leƙe ta ramin zana. Da safe rijiya, sannan surfe, sannan a zauna inuwar rumbu ana ɓara har yatsu su yi kanta. Inna ta ce ba ni taɓa littafi sai na cika ƙwarya. Sai na yi dabara, na ce in an ɗauke mani ɓara zan riƙa karantawa ina faɗa masu da Hausa. Suka yarda, ita da Gwaggo Tabawa, yayar Baba, wadda ta zo taya mu aiki. Kaicona da wannan dabara.

Ina gama ba su labarin jifar burodi Gwaggo ta tofar da ɓawo ta ce, "Taubasai ne." Na ce a'a, ko sanin juna ba su yi ba. Ta ce, "Ke tafi can! Wa za ta jefi namiji baligi cikin kasuwa ta kwana lafiya in ba ɗiyar kawunsa ba?" Shi ke nan. Kullum na buɗe littafi sai an fara da bin asali: uwarsa ce ƙanwar ubanta, ko ubansa ne wan uwarta? Daga nan su gangara kan nasu taubasan, wanda ya ɓoye wa Inna takalmi ranar suna, wanda Gwaggo ta zuba wa toka cikin hula. Ni kuwa ina danne da shafi da yatsa, rana na tafiya. Abin da ke ƙona mani rai, mutumin nan canzawa yake a gabanmu, ba wadda ta kula. Wanda ba ya gaida kowa ya koma tsayawa cikin ruwan sama yana sayen burodin da ba zai ci ba, ita kuma mai bakin in ta hango shi sai magana ta ɓace mata. In na nuna masu, Gwaggo ta ce, "Zumunta ce ke motsi."

Kasuwa ta zagayo, saura mani ganye huɗu. Na kai daidai inda ya biyo ta tashar jirgi, ya cire hularsa a gaban mutane, ya buɗe baki. Nan Inna ta miƙo mani guga. Na sa tsinke a wurin, na ɗora littafin kan rumbu, na sheƙa rijiya, na tarar da mata cike. Ko da na dawo, babu shi. Ashe kamyo ya iso da wuri, matar malam ta aiko, Gwaggo ta ɗauka ta kai mata da hannunta, har da ƙwaryar gujiya ta godiya. Na dire tulu na bi hanya da gudu, ban tarar da komai ba sai sawun taya. Da na dawo ina kuka, Gwaggo ta dube ni da mamaki na gaskiya ta ce, "Ɗiyata, mi ya saura? Aure za su yi, tuwona maina."

Ni ma na san aure za su yi. Ba shi nake nema ba. So nake in ji yadda mai girman kai ke ba da haƙuri, da wace kalma zai fara, ko ita za ta bar shi ya gama.

Yanzu duk mai zuwa Maradi sai na ba shi sautun littafi, ba mai miƙo mani guga ina tsakar karatu, amma ba kuma wadda zan yi wa fassara mu yi gardama a inuwar rumbu. Masu girman kai da yawa sun ba da haƙuri a hannuna tun daga lokacin. Nawa dai har yau yana tsaye a tasha, hula a hannu, baki buɗe.