Tsohon Ɓeran Masar da Na Ware

Ɗiyata ta kawo min ɓerayen Masar biyu daga Gummi, babba ja, ƙarami fari. In na zuba harawa, jan ke fara ci. Da tsufa ya kama shi, sai farin ya riƙa ture shi daga kasko. Ni da ba a riga ni sa hannu a akushi, abin ya ƙona min rai. Na ware tsohon cikin kwando, ya ci da mutuncinsa.

Ɗiyata ta ce, "Inna, yana ture shi, amma jikinsa yake kwana."

Na ce, "Ke za ki koya min girma?"

Kwana uku bai taɓa harawa ba, ya mutu. Da ma na bar shi tare da farin, saura zai ci, amma zai ci.