Baba Ummaru Mai Roka da rijiyar Badagiri

Wayar yayana Sa'idu ce ta tashe ni da safen nan. Wai Baba Ummaru Mai Roka ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu jikina a sanyaye yake.

Duk ɗan Aliero da ya yi wayo lokacin da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ya san rokarsa, babbar motar nan ta ɗaukar kaya. Albasa yake kaiwa Legas, in ya dawo sai yara su yi ta bin motar, don sun san akwai kwakwa. Ranar kasuwar Jega kuwa ba ya wuce tsohuwa a hanya.

Amma ni ba kwakwa ce ta ɗaure ni da shi ba.

A shekarun nan Yaya Sa'idu ya bi albasa kudu, ya zauna a wani ƙaramin gari na bakin teku, Badagiri. Shekara ta zo ta wuce, wata ta zo, shiru. Babu waya lokacin. Inna ta fara ciwo, in ta ji ƙarar mota sai ta ce a leƙa.

Baba Ummaru ya shigo gaishe ta, da ya fito ya ce mini, “Ɗauko rigarka, malam. Mu tai mu ɗauko shi.”

Haka muka tafi, ina warin albasa har cikin hula.

Mun sami Yaya a kasuwa, ya yi ƙiba, yana ta Yarbanci. Ni raina ya ɓaci, na so in fara masifa. Baba ya taka mini ƙafa. Ya gaya masa Inna ba lafiya, Yaya ya ce in kasuwa ta lafa zai zo. Baba bai ja ba. Ya ce, “To, zagaya da mu garin naku, mu ma mu ba ido haƙƙinai.”

Kai, ku ga Yaya da zumuɗi! Ya kai mu wani tsohon bene da ake cewa shi ne na farko a ƙasar nan. Ya kai mu ɗakin da aka ajiye sarƙoƙin bayi, na ɗaga ɗaya da ƙyar. Sannan muka shiga kwalekwale, Baba ya riƙe gefe gam yana salati, mutumin da ba ya tsoron kowace hanya.

Muka taka rairayi cikin itatuwan kwakwa har teku. Baba ya kamfaci ruwan ya kai baki, ya tofar. “Ruwa duk wanga yawa, ko fangalin albasa guda ba ya shayarwa? Asara!” Muka yi ta dariya.

A hanyar dawowa Yaya ya tsaya kan wata tsohuwar rijiya. Ya ce nan ake shayar da bayi kafin a sa su jirgi, kuma an ce duk wanda ya sha sai ya mance gidansu.

Baba ya leƙa rijiyar, ya ɗago ya dube shi.

“Ashe kai ma ka sha, Sa'idu.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Muka ƙetare ruwa, muka koma gari. Da za mu taso, sai ga Yaya da jakarsa ya hau bayan roka.

Inna ta gan shi da idonta. Ta ƙara damina biyu tare da mu, kuma shi ya yi jinyarta.

Ganina na ƙarshe da Baba a tashar Jega ne, bayan Sallah. Ido ya yi rauni, amma ya gane muryata. Ya sa aka kawo mini fura, ya ce, “Wan naka dai bai koma ma rijiyag ga ba ko?” Na ce yana nan yana noman albasa, har da jikoki. Ya ce, “To madalla, mun yi lodi mai kyau.”

Wallahi ina kewarsa, amma zuciyata a natse take. Mutumin nan ya yi rayuwa mai kyau.

Ɗazu na tambayi Yaya daga ina yake kira. Ya ce daga gidan Baba, shi zai yi masa wanka.

Allah Ya jiƙan Baba Ummaru, Ya yafe masa, Ya kai shi gida lafiya kamar yadda ya kawo mana namu. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.