Shekarar da Baba Ya Ba Dutse Nono

Rijiyar ƙofar gidanmu a Malbaza Baba ne ya haƙa ta sadaka, ta cikin farin dutsen nan mai tsage-tsage. Duk unguwa nan ake ɗiba, har ya zama da ita ake kwatancen gidanmu.

Ina budurwa lokacin da ruwan ya fara wari, irin warin hannun bakanike. Ashe garejin manyan motoci da ke bayanmu ne: maganin da suke wanke ƙarafa da shi, in ya yi dauɗa, sai su tuttule a wani tsohon ramin dutse.

Ɗan gwaggona da ya karanci aikin ruwa a Yamai ya zo ya shinshina, ya ce, "Kawu, a rufe ta. Dafin ya bi tsagar dutse, yasar rijiya ba za ta kai gare shi ba." Da ya ga idon Baba, sai ya ƙara da cewa wai Turawa sun fara gwada wata dabara. Akwai ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin ƙasa, ido bai ganinsu, in an ciyar da su abu mai zaƙi ko tsami suna cinye dafin a hankali.

Kai, da ma ya yi shiru! Washegari Baba ya ɗauki nonon saniyarmu, ya dama da sukari, ya je ya tsuguna bakin ramin gareji yana zubawa, da rana tsaka, da farar rigarsa. Haka kullum. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

Me kuke zato mutane za su ce? Wai Alhaji na ba iskoki nono. Mutumin da bai taɓa rasa sahun farko ba! A kasuwa 'yan mata suka riƙa tambayata ko mutanen ramin sun ƙoshi. Wallahi kunya ta ishe ni, har hanya nake sakewa in na hango shi da ƙwarya.

Saniya ta ƙafe, ruwa bai daina wari ba.

Wata rana wani makiyayi ya yi sallama, ƙishirwa ta busar masa da leɓe. Yana ta kallon rijiyar da aka danne da kwanon rufi da duwatsu. Baba na tsaye jikinta, kansa a ƙasa. Bai dube ni ba ya ce, "Ɗiyata, leƙa maƙwabta ki roƙo wa baƙona ruwa."